Keɓe kai ga Allah ba kafin alƙalami ba ne

Da zarar Disamba ta raba tsakiya, sai kyallayen talla su fara bayyana a ƙofofin majami'u daga Yamai har Damagaram, saƙonni kuma su cika WhatsApp: daren tsallakawa sabuwar shekara, azumin kwana 21, makon keɓe kai, shafe mai na musamman. Kalmar da ta fi yawa a cikinsu ita ce tsarkakewa, wasu su rubuta ta da Faransanci, wasu da Hausa. A ƙarƙashinta kuwa sai ka ga jerin abin da za a samu: aure, haihuwa, biza, cin konkur, ƙarin girma a wurin aiki, mota. Ni Kirista ne, haifaffen ƙasar nan, kuma a ganina wannan cin mutunci ne ga ɗaya daga cikin manyan kalmomin bangaskiyarmu. An ɗauki keɓe kai ga Allah an mai da shi kafin alƙalami. Kai ka ba da yunwar sati uku da abin da ke cikin ambulan, shi kuma Ubangiji ya cika aiki kafin shekara ta ƙare.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan Musulmi ne, kuma wani zai ce rigimar cikin gida ce, ba ruwansa. Ina roƙo ku tsaya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba mu kai ko ɗaya bisa ɗari ba. Wanda ke sayen kayanmu a kasuwa, wanda ke ba mu hayar gida, wanda ke bin mu bashi, wanda muke wa aiki da wanda ke mana aiki, kusan dukansu ku ne. In akwai mai iya shaidar ko azuminmu ya gyara mana hali ko bai gyara ba, to ku ne.

Wurin da masu wa'azin nan suka fi so a cikin Littafi Mai Tsarki shi ne sura ta 3 ta littafin Joshuwa. Isra'ilawa sun iso bakin kogin Urdun bayan shekara 40 a jeji, kogin ya cika ya batse domin lokacin kaka ne, sai Joshuwa ya umarci jama'a su tsarkake kansu saboda washegari Allah zai yi abin al'ajabi a tsakiyarsu. Daga nan ake ɗauko wa'azin duka: yau tsarkakewa, gobe al'ajabi. Wa'azi ne mai daɗin ji, kuma ana tsayawa a nan domin abin da ke gaba ba ya tara baiko.

Ku ƙara buɗe shafi huɗu ko biyar. A sura ta 7 an sake ba da umarnin nan, kusan da kalmomi iri ɗaya. Amma a wannan karo ba kogi ne a gabansu ba. An ci Yariko, an aika mutum wajen 3000 su ci wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ai, mutanen garin suka fatattake su, suka kashe musu 36. Joshuwa ya yayyage tufafinsa, ya faɗi rubda ciki a gaban akwatin alkawari har yamma, shi da dattawa, suna zuba ƙura a ka. Idan da a zamaninmu ne, da mun ce ga taron addu'a mai zafi, a ƙara masa kwana bakwai. Abin da Allah ya ce masa shi ne ya tashi daga ƙasa, matsalar ba ta ƙarancin addu'a ba ce, kayan sata ne ke binne a cikin zango. Wani mutum mai suna Akan ya ga wata alkyabba mai kyau ta ƙasar Babila, da azurfa shekel 200, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50, ya kwashe ya haƙa rami a tsakar alfarwarsa ya ɓoye. Tsarkakewar da aka umarta a daren nan shiri ne na bincike. Da safe aka gabatar da jama'a kabila kabila, gida gida, mutum mutum, har aka iso kan mai laifi, aka tone ramin a gaban kowa.

To ga tambayata ga duk faston da zai tsaya ranar 31 ga Disamba ya karanta sura ta 3: yaushe rabonka da sura ta 7? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce ya zo a tsarkake shi, ya yarda ke nan a tone tsakar ɗakinsa. Mu kuwa mun ƙirƙiro wata irin tsarkakewa wadda ba ta taɓa ramin kowa. Mutum zai yi azumin kwana 21 cur, leɓɓansa su bushe, muryarsa ta dushe da ihun addu'a, amma kuɗin adashin matan zumunta da ya ranta tun bara suna nan binne, gonar marayun ƙanensa da ya haɗa da tasa tana nan binne, takardar makarantar da ya saya ya samu aiki da ita tana nan binne. Ba wanda ya tambaye shi, domin shi ne ya sayi sabon injin wutar majami'a.

Akwai sura ɗaya a cikin Attaura wadda aka gina ta kacokan a kan kiran jama'a su zama tsarkaka domin Allahnsu mai tsarki ne, ita ce sura ta 19 ta Littafin Firistoci. Na so a ce kowane mai shirin azumi ya zauna ya karanta ta a hankali, domin zai sha mamakin inda tsarki yake zaune. In ka girbe gonarka, kada ka kwashe har gefe, ka bar wa matalauci da baƙo kala. Kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka. Kada ka zagi kurma don ba ya ji, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe don ba ya gani. A wurin shari'a kada ka karkata don wani babba ne, kada kuma ka karkata don wani talaka ne. Kada ka yi yawon tsegumi. Ka miƙe tsaye in mai furfura ya shigo. Baƙon da ke zaune a ƙasarku ku riƙe shi kamar ɗan gida. Can wajen ƙarshe kuma ga maganar mudu da ma'auni: su zama na gaskiya.

Wannan ta ƙarshe ba ta bukatar fassara ga mutumin Maraɗi. Kowa ya san akwai tiyar saye da tiyar sayarwa, kowa ya san yadda ake bubbuga gindin kwano ya shiga ciki, da yadda hannu ke tokare hatsi a baki lokacin da ake auna na manomi, ya kuma saki lokacin da ake auna wa mai saye. Kowa ya san mai ba da bashin hatsi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, ya karɓi ninki da kaka. Ban ce Kiristoci sun fi kowa yin haka ba. Abin da nake faɗi shi ne ba a bambanta mu da kowa a nan, alhali nan ne littafinmu ya ce a bambanta mu. Ɗan barema ya wuni yana maka noma a rana, da yamma ka ce ya dawo jibi domin kana sauri za ka taron addu'a. Yarinyar da aka kawo maki daga ƙauye tana maki wanke-wanke da raino wata huɗu ba ki ba ta ko dala ba, kina cewa kina tara mata, ke kuma kin ɗinka anko na taron mata. Wane mai za a shafa maki a goshi ya wanke wannan?

Annabi Ishaya ya yi maganar nan tun tuni a sura ta 58. Mutanen zamaninsa sun kawo ƙara cewa sun yi azumi Allah bai kula ba. Amsar da suka samu ita ce a ranar azumin nasu ma suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da naushi, kuma azumin da Allah yake so shi ne a kwance wa wanda aka zalunta ɗauri, a raba abinci da mai yunwa, a shigo da marar gida, a tufatar da huntu. Maƙwabtanmu Musulmi sun san irin wannan gargaɗi, malamansu na yi musu shi kowane watan azumi, cewa mai azumin da bai bar ƙarya da cuta ba yunwa kawai ya sha. Abin kunya ne a ce mu da muke da shi a rubuce cikin littafin annabawa muna bukatar a tuna mana.

Shi kansa adadin kwana 21 daga littafin Daniyel aka ɗauko shi, sura ta 10. Amma Daniyel makoki yake yi na sati uku, bai ci nama ko abinci mai daɗi ba, kuma littafin ya faɗa a fili cewa ko mai bai shafa ba har kwanakin suka cika. Mu kuwa da sayar da mai muke rufe namu. Abin da ya samu a ƙarshe wahayi ne na babban yaƙi, wanda ya bar shi kwance ba ƙarfi, fuskarsa ta sauya, numfashi na neman gagararsa. Ban taɓa ganin wannan a kyallen talla ba.

Idan maganar shiri ake yi, ba wanda ya kai Yahaya Maibaftisma, tunda aikinsa ke nan gaba ɗaya, shirya wa Almasihu hanya. Luka ya rubuta a sura ta 3 cewa jama'a sun zo suna tambayarsa abin da za su yi. Mai riga biyu ya ce ya ba marar riga ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Sojoji ya ce kada su ƙwaci kuɗin kowa da barazana ko ƙage, albashinsu ya ishe su. Ku sa ɗan duwan na kan iyakar Ɗan Isa ko ta Ƙonni a wurin mai harajin, ku sa mai kaki da ke tsaye a shingen hanya a wurin sojan, za ku ga wa'azin bai tsufa ba ko da kwana ɗaya. Muna da ƴan uwa a cikin waɗannan ayyuka, wasunsu dattawan ikilisiya ne. Wane fasto ne zai dubi idon irin wannan dattijo a makon keɓe kai ya tambaye shi yadda albashinsa ya gina bene? Zakka na Yariko, shugaban masu haraji, da Yesu ya sauka gidansa, bai yi alkawarin azumi ba. Ya tsaya a gaban mutane ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A ranar ne aka ce ceto ya shigo gidan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan al'ada ta kwana a majami'a daren sabuwar shekara asalinta mai kyau ne. Mabiyan John Wesley a Ingila ne suka yaɗa ta a ƙarni na 18. A 1755 Wesley ya fara abin da ake kira sujadar sabunta alkawari a birnin Landan, daga baya ta koma farkon shekara. Mutum yakan zo ya binciki kansa, ya tuba, sannan ya miƙa wuya cewa Allah ya yi yadda ya ga dama da shi a shekara mai zuwa, ko samu ko rashi, ko ɗaukaka ko ƙasƙanci. Takarda ce fara ake sa wa hannu a miƙa. Yanzu mun juya ta: mu ne ke cika takardar da buƙatunmu, mu miƙa wa Allah ya sa hannu. Salon nan na yanzu ta tauraron ɗan adam da wayar hannu ya shigo mana daga manyan majami'un Legas da kewaye, kuma mun haɗiye shi ba tauna.

Su ma waɗanda suka kawo bishara ƙasar Hausa ta Nijar daga wannan tsohuwar koyarwa suka fito. Tun 1875 ake wani taro kowace shekara a garin Keswick na arewacin Ingila, wanda jigonsa shi ne zaman tsarki da miƙa kai gaba ɗaya, kuma ya zuga matasa da yawa zuwa aikin mishan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya rage, shi ne ya ci gaba da ƙungiyar da muka sani da SIM. A 1924 ƴan SIM suka zauna a Damagaram, daga baya Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, wanda har yau ake kai masa marasa lafiya daga Tawa da Ƙonni da Madawa har da ƙetaren iyaka. A Danja aka yi wurin jinyar kutare tun lokacin da mutane ba sa yarda su haɗa kwano da su. A farkon shekarun 1980 kuma wani ɗan Ostireliya mai aiki da SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, ya shiga ƙauyuka yana roƙon a bar tohonsu ya girma. An yi masa dariya da farko. Yau gonakin jihar Maraɗi da Damagaram sun cika da gawo da kalgo da sabara ta wannan hanya. Ga abin da keɓe kai yake haifarwa in na gaske ne: wani wanda ba addininku ɗaya ba ya ci moriyarsa.

Kada wani ya ɗauka ina wanke ƴan mishan ne. Suna da nasu laifi, kuma dattawanmu sun faɗa musu tun suna raye. Sun yi sakaci da karatun boko na Faransanci har ƴaƴan Kiristoci suka makara wajen shiga aikin gwamnati. Sun zo da ƙyamar kiɗa da al'adun da ba su fahimta ba. Sun kuma bar mana gadon wata cuta ta daban, wato tsarki na jerin hani: kada ka sha giya, kada ka sha taba, kada ka je wurin rawa, shi ke nan ka zama tsarkakakke ko da harshenka ya raba aure goma. Wannan cutar tana nan a tsofaffin majami'unmu, kuma nauyinta kan mata yake faɗawa. A auna tsawon zane, a duba ɗankwali, a leƙa ko ta sa jan baki. Yarinya ta yi ciki a dakatar da ita daga jibin Ubangiji, a sanar a gaban jama'a, ta zauna a bencin baya wata shida, wanda ya yi mata cikin kuwa yana nan cikin mawaƙa yana kaɗa jita. Saboda haka in tsohon dattijo ya karanta wannan yana murna cewa na caccaki sababbin coci-coci, ya dakata. Su sun mai da tsarki ciniki, ku kun mai da shi yunifom. Dukanku biyu kun samo hanyar da mutum zai ji shi tsarkakakke ne ba tare da an taɓa ramin da ke tsakar ɗakinsa ba.

Na san abin da za a ce mini, an sha faɗa mini shi. Za a ce mutanenmu talakawa ne, suna da buƙatu na gaske, laifi ne mai neman haihuwa shekara goma ta roƙi Allah da azumi? Ba laifi ba ne ko kaɗan. Hannatu uwar Sama'ila ta roƙa da kuka har firist ya zaci ta bugu. Yesu da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Saurayin da ya yi karatu ya samu digiri yana tuƙa kabu-kabu yana da iko ya kai kukansa gaban Mahaliccinsa dare da rana. Roƙo daban, saye daban. Mai roƙo ya san ana iya ba shi, ana iya hana shi, kuma wanda yake roƙo Uba ne a duka biyun. Mai saye kuwa in ya biya ba a ba shi ba, an cuce shi ke nan. Ku dubi abin da ke faruwa da matar nan in Disamba ta sake zagayowa ba ciki. An riga an faɗa mata cewa Allah ba ya saɓa wa mai tsarkake kansa. To laifin na wa? Sai a ce bangaskiyarta ce ta yi rauni, ko akwai wani zunubi a ɓoye, ko irin da ta shuka ya yi kaɗan, ko kishiyar uwarta ce ta ɗaure ta. Ta zo da ciwo ɗaya ta koma da uku, ta kuma sayar da akuyarta. Talaucin mutanenmu shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a yi musu haka ba. Jikka biyar a gidan da ake auna hatsi kullum da yamma abincin kwanaki ne.

Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin mutum na farko da ya gwada wannan ciniki, a sura ta 8. Wani mai sihiri ne a Samariya, ya ba da gaskiya, har an yi masa baftisma. Da ya ga manzanni na ɗora wa mutane hannu suna karɓar Ruhu Mai Tsarki, sai ya fito da kuɗi ya ce a sayar masa da wannan iko. Bitrus bai ce masa ya kawo a sa albarka ba. Ya la'ance shi da kuɗin nasa, ya ce zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba, ya tuba. Abin lura shi ne mutumin bai bar tsohon tunaninsa ba, wurin ciniki kawai ya sauya. Mu Hausawa mun san wannan tunani sarai, tun kafin zuwan kowane littafi: ka kai wa boka baƙin bunsuru, ka kiyaye sharaɗin da ya gindaya, aiki ya ci. In ka cire bunsuru ka sa ambulan, ka cire laya ka sa kwalbar man zaitun ko hankici mai hoton fasto, me ya sauya? Kakannin wasunmu sun ƙone layunsu a bainar jama'a ranar da suka karɓi baftisma, aka kore su daga gida saboda haka. Jikokinsu na rataye da sabuwar laya a madubin mota.

Sai babbar tambaya, wadda masu kyallen talla ba sa so a yi: shirin me ake yi? Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma sai ka san inda za ka kafin ka san girman gorar. Kirista a Nijar, me ya fi yiwuwa ya tarar a gabansa cikin shekara?

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar nan ta Faransa, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram, washegari Asabar ta kama Yamai. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Hukuma ta ce a Yamai kaɗai an ƙone majami'u 45, ban da makarantu da gidajen fastoci da shaguna, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa. Ku duba kwanan watan da kyau. Tsakiyar Janairu ce, daidai lokacin da majami'u da yawa ke cikin azumin farkon shekara, an riga an yi shelar cewa shekarar buɗi ce. Tun kafin nan an taɓa yi a Maraɗi a Nuwambar 2000, aka sake ƙone wata majami'a a garin a Yunin 2019. A Oktoban 2016 aka sace Jeffery Woodke a Abalak, bai fito ba sai Maris na 2023. A Satumbar 2018 aka ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli a Bomowanga, ya yi shekara biyu a hannun masu bindiga. Ƴan uwanmu na yankin Gurma da iyakar Burkina da yawa sun bar ƙauyukansu.

A safiyar Lahadin da ta biyo bayan ƙone-ƙonen 2015, abin da kowane Kirista yake bukata ba ya cikin jerin da aka rubuta a kyalle. Yana bukatar zuciyar da za ta iya tsayawa a kan toka ba ta nemi ramuwa ba. Yana bukatar bakin da zai iya gai da maƙwabcin da aka ga ɗansa cikin masu ɗauke da galan ɗin fetur. Yana bukatar ya iya bambanta wannan yaro da sauran Musulmin unguwa, waɗanda da yawansu suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye Kiristoci a ɗakunan matansu, wasu suka tsaya a bakin ƙofa suka hana a shiga. Shugabannin ikilisiya sun yi kiran gafara a lokacin, kuma jama'a sun bi, ba a ji Kiristoci sun rama ba. Irin wannan zuciya ba a sati uku ake yin ta ba. Ana yin ta ne a shekarun da mutum ya yi yana haɗiye fushi a gida, yana faɗin gaskiya inda ƙarya ta fi riba, yana zuwa gaisuwar mutuwa da suna a gidajen unguwa, yana biyan bashi ranar da ya ce. Maƙwabcin da ya ɓoye ka ranar tashin hankali bai san yawan kwanakin azuminka ba, kuma bai damu ya sani ba. Abin da ya sani shi ne shekara 15 kuna katanga ɗaya bai taɓa kama ka da cuta ba.

Wanda aka koya masa cewa tsarkakewa tikitin samu ce, ranar da aka ƙone masa shago bangaskiyarsa za ta ƙone tare da kayan, domin a lissafinsa an karɓi kuɗinsa ba a ba shi kaya ba. Wannan shi ya sa nake ganin koyarwar nan haɗari ce gare mu fiye da yadda take ga mutanen Legas. Su suna da yawa, suna da kuɗi, suna da gidajen talabijin. Mu ƴan tsiraru ne a ƙasar da ke cikin yaƙi ta gabas da yamma, jarinmu ɗaya shi ne a ce wane ba ya ƙarya, wance ba ta cin amana. In muka sayar da wannan muka sayi kwalbar mai, ba abin da ya rage mana.

Ban ce a daina azumi ba. Katolika na da nasu na kwana 40 kafin Ista, suna farawa da toka a goshi don tuna cewa mutum turɓaya ne, kuma ban ga aibi a ciki ba. Yesu ya yi azumi, ya kuma ɗauka almajiransa za su yi, sai dai ya ce mai azumi ya wanke fuska ya gyara jikinsa yadda ba wanda zai gane, abin da ke da wuyar haɗawa da sanya hoton kai a Facebook ana ƙirga rana ta 14. Ya kuma ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan uwanka na da ƙara a kanka, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ka ajiye, ya ce. Ban san majami'ar da ta taɓa hana mutum zuba baiko saboda wannan dalili ba.

Ga abin da nake nema daga fastocinmu da dattawa a wannan shekara, na tsofaffin majami'u da na sababbi. Ku yi azuminku na kwana 21 in kun ga dama. Amma a rana ta farko ku raba wa kowa takarda fara, ya rubuta sunan duk wanda yake bin sa kuɗi, da duk wanda ya yi wa ƙage, da duk wanda suka yi shekara ba sa magana. Takardar ta zauna a aljihunsa, ba mai gani. A mako na biyu ku soke taron yamma guda uku, ku ce lokacin na zuwa gidajen mutanen da ke cikin takardar ne. Ma'ajin ikilisiya ya karanta lissafin kuɗin shekara a gaban kowa, har da abin da aka kashe wa gidan fasto. Mai gadin majami'a da mai shara a biya su bashin albashinsu kafin a sayi sabuwar lasifika. Kwandon baiko na musamman kuma a bar shi cikin kabad har azumin ya ƙare, mu ga mutum nawa za su zo daren rufewa, mu kuma ga fasto nawa za su sake kiran azumin a shekara mai zuwa.